Yadda Zaka Raba Kanka Da Bet Kafin Ya Cinye Maka Jari

Ina da ɗan shagon POS da cajin waya a bakin layinmu, jikin gidan kallon ƙwallo, saboda haka abin da zan faɗa ba ji nayi a bakin wani ba, a gabana ake yi. Ranar Asabar da an idar da sallar azahar zaka ga an fara zuwa, wannan dubu ɗaya, wancan ɗari biyar, "Yaya dan Allah sa min a akawun ɗina da sauri kafin a take wasa", toh da daddare kuma su ɗin dai zasu dawo fuska a murtuke suna cewa wasa ɗaya ne ya yanke musu tikiti, wato jerin wasannin da suka sa wa kuɗi, wanda in ɗaya ya kuskure duka sun faɗi. Na daɗe ina ganin abin kamar wasan yara har sai da ya shigo gidanmu, ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya ya cinye kuɗin rajistar makarantarsa a waya cikin sati biyu, ba mu sani ba sai da aka rufe rajista. Yau Alhamdulillahi ya fita, kuma hanyar da muka bi da shi ita nake so in shimfiɗa maka.

Maganar halas da haram ba zan daɗe a kanta ba don babu wanda bai sani ba. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya wuri ɗaya, kuma canja mata suna zuwa bet bai canja komai ba. A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan bet da dama, amma shagon da ya fi haɗari yana cikin aljihunka, baya rufewa ƙarfe goma na dare, baya tambayar ɗan gidan waye kai. Duk yaran da nake gani sun san haramun ne kuma suna yi, wasu ma suna kuka suna yi. Wanda abin ya riga ya kama, sanin hukunci kaɗai baya cire shi, sai an gina katanga tsakaninsa da kuɗinsa.

Fara da lissafi, kuma ka yi shi yau. Buɗe manhajar bankinka ko inda kake ajiye kuɗi a waya, ka ciro bayanin shige da ficen kuɗinka na wata uku, ka ɗauki biro da takarda, gefe ɗaya ka rubuta duk abin da ka tura wa kamfanin bet, ɗaya gefen ka rubuta abin da ka CIRE ya dawo hannunka. Ban ce abin da ka ci ba fa, don cin da ka sake mayarwa ciki ba naka bane. Ƙwaƙwalwar ɗan caca tana riƙe ranar da ya ci dubu arba'in kamar ranar aurensa, amma ɗari biyar ɗari biyar ɗin da ya zuba sau ɗari biyu ta goge su tas. Lokacin da muka zauna da ƙanina muka yi wannan lissafin ya rantse min shi a sama yake, da muka gama tarawa shiru yayi ya kifa kai a gwiwa. Wannan takardar kar ka yar da ita, ka naɗe ta ka sa a bayan kwabar wayarka.

Sai kuma ka fahimci yadda kamfanin yake cin riba, don da yawa suna ganin ai su sun san ƙwallo. Ka ɗauki wasan da ɓangare biyu suke kunnen doki, ko a ci sama da ƙwallo biyu ko kar a ci. Da adalci za'a yi, odd ɗin kowanne, wato adadin da ake ninka kuɗinka da shi in ka ci, 2.00 ya kamata ya zama, amma zaka ga an baka kamar 1.90 da 1.90. Ma'ana in mutum biyu sun sa dubu ɗai-ɗai ɗaya nan ɗaya can, kamfani ya karɓi 2,000 ya biya wanda ya ci 1,900, ɗari ɗaya ta zauna masa ko waye ya ci. Kashi 5 cikin ɗari kenan. Toh abin da mutane basu lura da shi ba, in ka jera wasa goma a tikiti ɗaya wannan yankan ana maimaita shi ne sau goma, sai ya zama kusan kashi 40 cikin ɗari na darajar kuɗinka ka bar musu tun kafin alƙalin wasa ya hura usur. Shi yasa suke ƙara maka garaɓasa in ka ƙara yawan wasanni, doguwar tikiti ita ce abincinsu. Kuma ko da ace kowane wasa cikin goman nan kana da tabbacin kashi 70 cikin ɗari, wanda babba ne sosai a ƙwallo, damar duka goman su shigo bata kai kashi 3 cikin ɗari ba. Ninka 0.7 sau goma a kalkuletar wayarka ka gani da idonka.

Wannan "wasa ɗaya ne ya yanke min" ɗin da ake ta faɗa, wallahi shi ne ƙugiyar. Tikitin da ya faɗi da wasa ɗaya da wanda ya faɗi da wasa tara duk sifili suke biya, amma na farkon yana sa zuciya ta ji kamar ka kusa, gobe sai ka dawo. Kuma babu wasan da yake tabbas, ka tuna Gasar Kofin Duniya ta 2022 a Katar da Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1, Ajantinar da ta zo ta ɗauki kofin daga baya, tikiti nawa ne suka mutu ranar a layinku?

Amma ƙwallon gaske da sauƙi a kan ƙwallon kwamfuta da wasan jirgin nan Aviator, wanda kuɗinka yake ninkuwa muddin jirgin yana tashi, in ya ɓace kafin ka cire ka rasa. Ƙwallon gaske dole ka jira minti casa'in, wancan kuwa cikin minti biyu uku an gama an sake sabo, jirgin ma daƙiƙu ne. Su kansu masu Aviator sun rubuta cewa kashi 97 cikin ɗari yake mayarwa, wato a duk dubu ɗaya da aka zuba talatin nasu ne. Zaka ce ai talatin ba komai bace. Toh ka buga dubu ɗai-ɗai sau ɗari a dare ɗaya, wanda abu ne mai sauƙi a wasan da baya kai minti, ka juya dubu ɗari kenan, a lissafi dubu uku ta tafi, kuma gobe haka jibi haka. Babu wani tsari da zaka karanto a jerin lambobin da suka wuce, na'ura ce take fitar da su kuma bata tuna na baya. Duk wanda yace maka yana da manhajar da take hango lokacin da jirgin zai ɓace ɓarawo ne, haka masu "sure odd" da "fixed match" na Telegram da WhatsApp da suke cewa sun san sakamako tun kafin a buga, mutumin da ya san sakamakon wasa tabbas me zai yi da dubu biyar ɗinka ta shiga guruf? Wasu ma raba mutane suke gida biyu, su ba rabi wannan sakamako rabi wancan, waɗanda nasu ya faɗa daidai sai su zama 'yan talla kyauta. Ka fita daga duk irin waɗannan guruf ɗin yanzu, ka toshe lambobin.

Akwai kuma dabarar ninkawa, wai in ka faɗi sai ka ninka har ka ci. Fara da 500. In ka faɗi sau takwas a jere ka zubar da 127,500, kuma na tara sai ka sa 128,000, duk don ka fita da ribar ɗari biyar, shi ma in odd ɗin 2.00 ne. Garin neman gira a rasa ido kenan.

Yanzu ga abin da ya fi komai wuya, kuma a ganina shi ne gaba ɗayan maganar: kuɗin da ka rasa sun tafi. Ba ajiya ka ba kamfanin ba da zaka koma ka karɓo. Kusan duk wanda na ga ya nutse ba kwaɗayin arziki ne ya nutsar da shi ba a ƙarshe, "bari in dawo da nawa kawai in daina" ne. Mutum ya rasa dubu ashirin, ya ranto talatin don ya dawo da ashirin, ya taɓa kuɗin ubangidansa don ya biya talatin, kafin kace kwabo ya saida waya ko ya jinginar da babur. Ka zauna ka faɗa wa kanka da baki, da ƙarfi in kai kaɗai ne a ɗaki, cewa adadi kaza na rasa kuma na haƙura da shi. Zai maka ciwo kamar rasuwa, ka bar shi yayi ciwon. Har sai ka yafe wannan kuɗin sannan sauran matakan zasu yi aiki.

Toh sai rufe ƙofofi. Goge manhaja kaɗai baya isa, minti biyu ne ka sake sauke ta. Ka fara cire duk abin da ya rage a ciki ko naira ɗari ce, kar kace bari in buga ta ƙare. Sannan ka duba cikin saitin akawun ɗin, yawancin manyan kamfanonin suna da wurin da mutum zai dakatar da kansa na wata shida ko shekara ko har abada, in baka gani ba ka rubuta wa masu kula da kwastoma cewa kana da matsalar caca kana so a rufe akawun ɗinka dindindin, ka faɗi kalmar matsalar caca ɗin a fili, kuma ka ɗauki hoton saƙon ka ajiye. In sun maka tayin bonas don ka zauna kar ka ko amsa. Ka yi haka a DUK inda kake da akawun, har wanda ka buɗe da lambar ƙanwarka. A Birtaniya suna da wani tsari GamStop tun 2018 inda rajista ɗaya take rufe mutum a duk kamfanonin cacar intanet da suke da lasisin ƙasar, har sun hana caca da katin bashi a 2020, mu nan sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, musamman tunda Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a Nuwamba 2024 cewa sha'anin caca na jihohi ne ba na tarayya ba.

Bayan nan ka sauke BetBlocker, kyauta ce, tana aiki a Android da iPhone, tana toshe dubban shafukan caca, kuma in ka zaɓi tsawon lokaci baka iya janyewa sai ya cika, ka zaɓi mafi tsawo tun kana cikin zafin nadama. Akwai Gamban ma amma ita ta kuɗi ce. In iPhone ne da kai ka ba wani amintacce ya sa lambar sirri wadda kai baka sani ba a Screen Time, wato saitin da yake taƙaita abin da zaka iya buɗewa a wayar. Saƙonnin talla kuma ka tura STOP zuwa 2442 a layinka na Najeriya, a saitin tallan Google ɗinka akwai inda zaka rage tallan caca, shafukan da suke raba kod ɗin tikitin bet a Facebook da TikTok da X duk ka daina bin su.

Katangar da ta fi duka ƙarfi ita ce ta kuɗi. Caca bata yiwuwa sai abu uku sun haɗu, kuɗi da lokaci da hanya, in ka cire ɗaya ta tsaya. Ka goge katinka da ka adana a shafukan, ka rage iyakar abin da zaka iya turawa a rana zuwa kuɗin cefane. Ranar da albashi ko cinikin sati ya shigo, ranar ka rabar da shi: kuɗin haya, buhun abinci, kuɗin makaranta, zubin adashi, abin da ya rage ka damƙa wa matarka ko Hajiya ko yayanka su riƙa baka na kashewa kullum a hannu. Na san wani zai ce haba, ni da girmana mace ta riƙe min kuɗi? Ɗan'uwa wata uku ne zuwa shida, kuma ya fi ranar da za'a zo ƙofar gida ana sallama da kai kan bashi a gaban 'ya'yanka. Mu wata huɗu ƙanina yayi da ƙaramar waya mai maɓalli, katinsa yana wurina, kullum da safe in bashi kuɗin mota da na abinci. Ya ji haushina sosai a satin farko, har gaisuwa sai da ta yi wuya.

Manhajojin bashi kuwa ka goge su rana ɗaya da na bet, tagwaye ne. Ruwansu yana da yawa, kwanakin biya kaɗan, kuma wasu in ka makara sai su bi lambobin wayarka suna tura wa surukanka da abokan aikinka saƙon cin mutunci, abin da ya sa hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta far musu a 2022. In akwai bashi a kanka ka rubuta su duka, na mutane da na manhaja, ka je wurin masu shi ka faɗi gaskiya ka nemi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan. Kar ka ci sabon bashi don biyan tsoho.

Dole kuma mutum ɗaya ya sani. A wurinmu kunya ce take kashe mutane a wannan harkar, ɗan shaye-shaye ana ganinsa a ido a ja shi asibiti, ɗan bet kuwa yana sahun gaba a masallaci da farar shadda babu wanda ya san cikinsa yana ci da wuta. Ka zaɓi wanda baya da surutu, ka gaya masa adadin gaskiya ba rabi ba, ka nuna masa takardar nan. In ka rage adadin, ragowar da ka ɓoye ita zata mayar da kai.

Kuma ka sani wannan ciwo ne da likitoci suka san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka kuma tun 2013 suka mayar da shi aji ɗaya da jarabar ƙwaya da giya. Alamomin da suke dubawa tara ne, ciki har da ƙara yawan kuɗin da kake sawa kafin ka ji daɗi, ƙunci da saurin fushi in ka yi ƙoƙarin dainawa, dainawa kana komawa, bugawa in ranka ya ɓaci, bin abin da ka rasa, ƙarya don ɓoyewa, da dogaro da wasu su fitar da kai daga ramin bashi. In huɗu sun same ka cikin shekara ɗaya toh abin ya wuce a ce maka ka yi haƙuri ka daina. Ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na tarayya a Barnawa Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri. Zuwa can ba hauka bane, zama ake da kai ana koya maka yadda zaka kama tunanin tun kafin ya kai ka ga waya. In kuma har ka fara jin gara ka mutu ka huta da bashin, dan girman Allah kar ka kwana da wannan tunanin kai kaɗai, ka tashi wani a gidan yanzu ku tafi asibiti mafi kusa. Bashi ana biyansa ko shekara nawa zai ɗauka.

Sha'awar bugawa tana zuwa ne kamar hadari, ta taso ta yi duhu sannan ta wuce, ba ta zama. Ka lura da lokutan da take zuwar maka, yawanci bayan isha'i in ka kwanta da waya, ko da alat ya shigo, ko bayan an ɓata maka rai a gida. In ta taso ka ajiye wayar a wani ɗaki ka fita, alwala, zaga unguwa, majalisar da ba'a maganar odd, ka ba kanka rabin awa kawai. Kallon ƙwallo kuma, gaskiya ka huta da shi na sati huɗu zuwa shida, don rigunan 'yan wasa da allunan gefen fili cike suke da tallan bet, na kusa da kai a benci kuma yana ta duba tikiti. Gara ka koma buga ta da ƙafarka da yamma a filin unguwa.

Wanda kuma yace shi ba zai iya dainawa yau ba, ni dai ra'ayina a fili yake, babu adadin da nake ganin yayi daidai. Amma gara ka rage ɓarna da ka cigaba yadda kake: kar ka taɓa bugawa da kuɗin bashi ko na amana ko na abincin gida, ka sa iyakar zuba kuɗi a akawun ɗin wadda in ta ƙare ta ƙare har sati ya zagayo, ka bar jirgi da ƙwallon kwamfuta gaba ɗaya, kar ka buga bayan sha ɗaya na dare ko cikin fushi, kuma ranar da ka faɗi kar ka sake sa ko sisi. In ka kasa riƙe waɗannan na sati biyu ka samu amsarka, koma sama ka fara daga takardar lissafi.

Iyaye da yayye da matan aure, ku kuma ga naku. In kun gano, kar ku tara masa dangi, kar ku kai shi majalisa, tozarci ƙara tura shi ciki yake. Kuma kar ku biya masa bashin gaba ɗaya a ɓoye, mun yi wannan kuskuren sau ɗaya, Hajiya ta saida tunkiyarta ta biya, cikin wata guda ya haƙa sabon rami wanda ya fi na farko. In zaku taimaka ku biya mai bashin kai tsaye, kar kuɗi ya bi ta hannunsa, shi ma ya riƙa kawo nasa kason duk sati. Ku canja lambar sirrin katinku da ta wayarku. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 doka ta hana su, amma da BVN ko NIN ɗin uwa suke buɗewa, saboda haka in ɗanki yace Umma kawo wayarki za'a turo wata lamba, ki tambaya lambar mece ce, ki karanta saƙon da kanki.

Zai iya zamewa ya koma, ƙanina sau biyu ya koma, na biyun da wayar abokinsa ya buga. Abin da muka yi shi ne muka tambaye shi ta wace ƙofa abin ya shigo, muka rufe ta, ya kira abokin a gabana ya roƙe shi kar ya sake ara masa waya ko ya yi kuka, muka sake ƙirga kwanaki daga ɗaya a kalandar da ke bayan ƙofar shagona. Ni ma a nawa ɓangaren na daina tura kuɗi zuwa akawun ɗin bet ko nawa ne cajin, na rubuta na manna a jikin kanta, wasu kwastomomi sun koma shagon gaba, wasu kuma in layi ya watse sukan dawo su tsaya su tambaye ni yadda ake sa BetBlocker ɗin.